Saka wani shafin intanet a cikin naka: abin da iframe ke iyawa da abin da ya fi ƙarfinsa

“Assalamu alaikum malam. Ina koyon haɗa shafin intanet, yanzu haka ina yi wa makarantar kawuna nata. So nake in saka taswirar inda makarantar take, da bidiyon bikin saukar ɗalibai da muka ɗora a YouTube, da fom ɗin neman gurbin karatu, da kuma shafin duba sakamakon jarrabawa na wata hukuma, duka a cikin shafinmu, don kada iyaye su riƙa fita wani wuri. Wani abokina ya ce in yi amfani da iframe. Taswirar ta hau lafiya, amma bidiyon da shafin sakamakon wani akwati kawai suke nuna min da rubutun cewa an ƙi haɗawa. A waya kuma taswirar ta zarce faɗin allo. Ina kuskurena yake? Sannan zan iya amfani da wannan dabara in saka jerin maɓallan sama a kowane shafi, don kada in yi ta maimaita rubuta su?”

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya yi wa karatu albarka. In na fahimce ka, abubuwa huɗu kake son jawowa daga waje, ɗaya ya yarda, biyu sun ƙi, ɗaya kuma ba ka kai gare shi ba tukuna. Sai matsalar waya, sai batun maɓallan sama. Abokinka bai ɓatar da kai ba, iframe ita ce hanyar. Sai dai akwatunan nan biyu da suka ƙi hawa, kamanninsu ɗaya amma ciwonsu daban. Na bidiyon kuskurenka ne, kuma minti biyu ya isa ka gyara shi. Na shafin sakamakon ba kuskurenka ba ne, kuma babu abin da za ka rubuta a shafinka da zai sa ya hau. Kafin ka ga dalili, sai ka fara sanin abin da iframe take yi a zahiri.

Taga ce, ba ɗaki ba

Yawancin masu koyo suna ɗauka iframe kwaso shafin wani take yi ta zuba a nasu. Ba haka ba ne. Taga ce ka huda a katangar gidanka, mai leƙe yana hango tsakar gidan maƙwabci ta cikinta. Girman tagar da inda za ta zauna, wannan naka ne. Abin da ake hangowa kuwa na mai gidan ne: shi ke shara, shi ke shanya, ran da ya ga dama ya ja labule. Idan baƙo ya buɗe shafinka, burauzarsa ce da kanta take zuwa sabar wancan shafin, wato kwamfutar da aka ajiye shi a kanta, ta ɗauko shi, ta buɗe shi da nasa kod, da nasa ado, da nasa kukis, wato ƙananan bayanan da shafi ke ajiyewa a burauza don ya gane baƙonsa. Sabarka ba ta ma san abin da aka ɗauko ba. Rubutun da ke yin wannan aiki bai wuce layi ɗaya ba:

<iframe src="adireshin shafin" title="Taswirar makaranta" width="600" height="450"></iframe>

Dabarar tsohuwa ce. A tsakiyar shekarun 1990 kamfanin Netscape ya kawo tsarin tsaga allo gida-gida, kowane gida da nasa shafin, wanda ake kira frameset. Microsoft kuma ya kawo iframe a burauzarsa ta Internet Explorer, wato taga guda a tsakiyar shafi na yau da kullum. An shigar da su duka cikin ƙa'idar HTML 4.0 a ƙarshen 1997. Da HTML5 ta kammala a 2014, an yar da frameset, aka bar iframe. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa a batun maɓallanka.

Tsakanin shafinka da abin da ke cikin tagar akwai wata katanga da burauza take ginawa, wadda ake kira dokar tushe ɗaya. Burauza tana duba abu uku a adireshi: ko http ne ko https, sunan gidan, da lambar ƙofar sabar. Idan ɗaya ya saɓa, to shafukan baƙin juna ne. Hatta www.example.com da fom.example.com baƙin juna ne a wannan lissafi. Tsakanin baƙi, CSS ɗinka, wato kod ɗin ado, ba zai canza launin ko harafi ɗaya a cikin tagar ba, JavaScript ɗinka, wato kod ɗin da ke sa shafi yin aiki, ba zai karanta abin da aka rubuta a ciki ba, su ma ba za su taɓa naka ba. Masu koyo suna jin haushin wannan katanga, amma ita ce take sa kamfanonin karɓar kuɗi irin su Paystack da Stripe suke buɗe wurin rubuta lambar kati a cikin iframe. Ran da kawu zai ce a saka biyan kuɗin makaranta a shafin, uba zai rubuta lambar katinsa a gaban shafinka, kai kuwa da ka gina shafin ba ka da hanyar ganinta. Haka ya kamata ya kasance.

Bidiyon da shafin sakamakon

Na tabbata adireshin da ke saman burauza ka kwafa, mai ɗauke da watch?v= a tsakiya. Wannan shafin kallo ne, kuma YouTube ba ya yarda a saka shi a tagar kowa. Ya keɓe wani adireshi daban domin wannan aiki, mai fasalin youtube.com/embed/ sannan lambar bidiyon. Ka je ƙarƙashin bidiyon ka latsa Share, sannan Embed, ka kwafi abin da ya ba ka gaba ɗaya, kada ka datse komai a ciki don kana ganin ya yi tsawo. Dalilin da ya sa taswirar ta hau tun farko shi ne, ba tare da ka lura ba, irin wannan adireshin na musamman Google Maps ya ba ka.

Yanzu ga mai wuyar. Duk lokacin da saba ta aiko da shafi, takan maƙala wasu bayanai a goshin amsar waɗanda mai karatu ba ya gani, burauza kaɗai ke karanta su. Ɗaya daga cikinsu shi ne X-Frame-Options. Idan an rubuta DENY, ma'anarsa kada a saka ni a tagar kowa. Idan SAMEORIGIN ne, ma'anarsa 'yan gida kawai. Akwai kuma sabon salo mai suna frame-ancestors, a ƙarƙashin Content-Security-Policy, wanda ke ba mai shafi damar lissafa sunayen gidajen da ya amince wa. Burauzar baƙonka tana ganin wannan umarni sai ta bi, ta nuna akwatin nan da ka gani. Kana iya tabbatarwa da idonka: a kwamfuta ka danna F12, ka shiga sashen Console, za ka ga jan rubutu yana ambatar ɗaya daga cikin sunayen nan biyu.

Ba rowa ce ta sa suke haka ba. A 2008 wasu masu binciken tsaro biyu, Jeremiah Grossman da Robert Hansen, suka bayyana wata damfara da suka raɗa wa suna clickjacking, mu ce fashin latsi. Yadda take, ɗan damfara zai ɗauko shafin bankinka ko na wasiƙunka a cikin iframe, ya mai da tagar garau kamar gilashi yadda ba a ganinta, ya shimfiɗa ta a kan wani maɓalli mai cewa latsa nan ka samu kyautar data. Kai a ganinka kyauta ka latsa, alhali yatsanka a kan maɓallin amincewa na ainihin shafin ya sauka. Shekara guda bayan haka, a 2009, Internet Explorer 8 ta zo da X-Frame-Options, sauran burauzoji suka bi. Saboda haka duk shafin da ake shigar da kalmar sirri, ko lambar kati, ko lambar jarrabawa, in masu shi sun san aikinsu, za ka tarar sun ja wannan labule.

Idan ka yi bincike za ka ci karo da masu cewa akwai hanya: ka sa sabarka ta ɗauko shafin, ta goge wancan umarni, ta miƙa wa baƙo kamar daga gare ka ya fito. Wani lokaci yana hawa. Ni dai ban taɓa yi wa wanda ya ba ni aiki ba, kuma ina roƙonka kada ka fara. Da zarar ka yi haka, lambar jarrabawar kowane yaro da lambar sirrin katin da ubansa ya saya ta cikin sabarka za su bi. Ko da zuciyarka fara ce, fasalin abin da ka gina ba shi da bambanci da na masu shafin bogi. Sannan kana koya wa iyaye mummunar ɗabi'a, ta shigar da lambobin sirri a shafin da adireshinsa ba na hukumar ba ne, alhali duba adireshin nan na sama shi ne ɗan makamin da ya rage wa talaka a intanet. Ga kuma batun haƙƙi. Tun a 1997 jaridar Washington Post da CNN da wasu kafofin labarai na Amurka suka maka wani shafi mai suna Total News a kotu, saboda yana nuna labaransu a cikin tagoginsa kewaye da nasa tallace-tallace. An sasanta a wajen kotu, ya daina. Ni ba lauya ba ne, amma ba na son sunan makarantar kawu ya shiga irin wannan magana.

Abin da za ka yi mai sauƙi ne. Ka yi babban maɓalli mai ɗauke da liƙau zuwa shafin hukumar, ka sa masa target="_blank" don ya buɗe a sabon shafi, naku kuma yana nan bai rufe ba. A ƙarƙashinsa ka rubuta wa iyaye da Hausa abin da za su tanada kafin su latsa da matakan da za su bi. Wannan bayanin ya fi musu amfani nesa ba kusa ba a kan tagar da kake nema.

Ko da a ce sun bar labulen a buɗe, da tsugune ba ta ƙare ba. Shafin da ake shiga da kalmar sirri da kukis yake gane mutum, kuma kukis ɗin shafin da ke cikin taga na baƙo ne a idon burauza. Tun 2020 Safari ta wayoyin iPhone take toshe irin waɗannan kukis kai tsaye, Chrome ma a shekarar ta tsaurara dokarta a kansu. Sakamakon shi ne mutum ya shigar da bayanansa daidai, shafin ya dawo da shi farko, ya sake, ya sake dawo da shi, har ya gaji ya kira ka.

Akwai dalili na uku da ke hana taga hawa, ka ajiye shi don gaba. Na taɓa yi wa wata ƙungiya shafi mai ɗauke da tagar sauraren wani gidan rediyo kai tsaye. Wata da watanni tana aiki. Ranar da na mai da shafin https, wato mai kulle, washegari aka kira ni wai rediyo ya ɓace. Na sha wahalar nema kafin in gane cewa adireshin rediyon http ne, kuma burauza ba ta yarda shafi mai kulle ya buɗe taga zuwa marar kulle. Babu abin da na iya sai da masu rediyon suka gyara nasu ɓangaren. Tun daga ranar na gaskata masu cewa zanen aro ba ya rufe katara.

Faɗi, tsayi, da datar iyaye

Matsalar wayar ita ce mafi sauƙi. Kod ɗin da Google Maps ke bayarwa yana zuwa da faɗin fiksel 600, na YouTube 560, alhali allon yawancin wayoyin Android a lissafin burauza bai wuce 360 zuwa ɗari huɗu da 'yan kai ba. Dole ya zarce. Ka ba tagar wannan a CSS:

iframe { width: 100%; height: auto; aspect-ratio: 16 / 9; border: 0; }

Faɗin zai bi allo, tsayin kuma ya bi faɗin. Ga taswira na fi son 4 / 3, ko ma 1 / 1 a waya. In ka ga tsofaffin darussa suna maganar padding na 56.25%, abu ɗaya ne, tara ce aka raba da sha shida, dabarar da muke yi kafin aspect-ratio ta samu karɓuwa a burauzoji a 2021. Kada kuma ka goge lambobin ka bar tagar haka nan, domin taga marar awo komawa take 300 da 150.

Fom ɗin ne zai ba ka ciwon kai. Bidiyo da taswira suna da siffa sananniya, fom kuwa tsayinsa yana canzawa: a waya tambayoyi suna naɗewa su ƙara layi, saƙon kuskure ya fito ya ƙara wani. Saboda katangar nan, shafinka ba shi da ikon auna tsayin abin da ke ciki. Akwai hanyar da shafukan biyu za su yi magana, sunanta postMessage, inda na ciki yake aiko wa na waje da tsayinsa, amma sai dukansu sun yarda sun rubuta kod ɗin. Idan Google Forms za ka yi amfani da shi, ba ka da iko da na ciki, don haka ka ba shi tsayi mai yalwa har ya yi saura. Gara fili a ƙasa da a ce uwa tana jan shafi da yatsa, na ciki yana motsi na waje yana tsaye. Ka kuma sa liƙau a ƙarƙashi mai cewa buɗe fom ɗin shi kaɗai. Wani abin da zai iya ba ka mamaki: idan ka sa tambayar ɗora fayil, misali hoton fasfo na yaro ko takardar haihuwa, Google Forms ba zai ba ka damar saka fom ɗin a taga ba, kuma sai mai cikewa ya shiga asusunsa na Google. Fom ɗin neman gurbi kuwa da wuya ya rasa hoto. Ka yanke wannan shawarar da kawu tun yanzu: ko a kawo hoto da hannu ranar tantancewa, ko fom ɗin ya zama liƙau kawai.

Sai abin da masu koyarwa na ƙasashen waje ba su cika damuwa da shi ba, mu kuwa shi ne kan gaba. Kowace taga cikakken shafi ce, da nata kaya. Tagar bidiyo tana sauke na'urar kunnawa tun kafin kowa ya latsa komai, taswira ma haka. Da ina sabon hannu na jera bidiyo shida a shafin farko na wani mai shago, ina alfahari, don a kwamfutata komai garau yake. Da na buɗe a ƙaramar wayar yaron shagon, sai da muka gama gaisawa da hira shafin bai gama hawa ba. Laifina ne, ba na kowa ba. Uban da ya sayi datar kwana ɗaya don ya duba ranar komawa makaranta bai kamata ka kashe masa ita a kan bidiyon da bai nema ba.

Magani biyu ne. Na farko ka ƙara loading="lazy" a kowace taga da ba a saman shafi take ba, sai burauza ta jinkirta ɗauko ta har mai karatu ya gangaro kusa. Chrome ta fara karɓar wannan a 2019, yanzu manyan burauzoji duk sun san shi. Na biyu, wanda na fi so, ka sa hoton bidiyon kawai da alamar kunnawa a kai, sai an latsa JavaScript ya musanya hoton da ainihin tagar. Taswira ma sau da yawa hoto da liƙau sun wadatar, tunda mai neman hanya a waya ya fi son ta buɗe a manhajar taswirarsa.

Sifar title da ka gani a misalin farko ba ado ba ce, ita manhajar makafi take karanta musu don su san abin da ke cikin tagar. Akwai kuma sandbox, wadda take ɗaure hannun abin da ke ciki: ba kod, ba tura fom, ba buɗe sabon shafi, sai abin da ka sassauta da sunansa, kamar allow-scripts ko allow-forms. Ba na sa ta a kan YouTube ko taswira, don tana iya karya su. Amfaninta yana wurin abin da ba ka gama yarda da shi ba, irin ƙananan akwatunan lokutan salla ko na canjin kuɗi da ake samu kyauta a shafukan da ba ka san masu su ba.

Maɓallan sama

A'a, kada ka yi. Wannan shi ne ainihin aikin da aka yi da frameset a da, kuma wahalarsa ce ta sa aka yar da shi. Liƙau ɗin da ke cikin taga a cikin tagar yake buɗewa, sai ka ga shafi guda ya matse a ɗan siririn wurin maɓallai, in ba ka bi kowanne ka sa masa target="_top" ba. Jerin da ke zubowa ƙasa idan an latsa ba zai iya ƙetare bakin tagar ba, sai ya guntule. Injin bincike kuma yana ɗaukar abin da ke cikin taga a matsayin wani shafi daban. Kana neman gudun maimaita layi goma, ka sayo matsala uku.

Buƙatarka dai halas ce, wurin biyanta ne daban. A saba ake haɗa irin wannan, kafin shafi ya bar gida. Idan masaukin shafinka yana da PHP, kuma kusan duk masu araha suna da shi, ka zuba maɓallan a fayil guda, ka kira shi a kowane shafi da layi ɗaya:

<?php include 'maballai.php'; ?>

Baƙo zai karɓi shafi guda cikakke, ba ɗinki ba taga. In WordPress ka koma, wato manhajar gina shafuka, sashen header na jigon (theme) da ka zaɓa wannan aikin yake yi tun asali.

Tunda ka ga yadda wasu ke jan labulensu, kai ma ka ja naka a duk shafin da malamai za su shiga da kalmar sirri. WordPress yana yin haka da kansa a shafin shiga da na gudanarwa. In da hannu kake ginawa a sabar Apache, ka sa wannan a fayil ɗin .htaccess:

Header always set X-Frame-Options "SAMEORIGIN"

Dole daga saba umarnin zai fito. Idan ka rubuta shi a alamar meta a cikin HTML, burauza ba za ta kula shi ba.

Ban ga kod ɗinka ba, da bayaninka kawai na yi aiki, don haka in ka gyara adireshin bidiyon ya ci gaba da ƙi, ga inda za ka duba bi da bi. Ka shiga saitin bidiyon a YouTube ka tabbatar an bar izinin saka shi a wasu shafuka, kuma ba a mai da shi na sirri ba. Ka tuna ko wanda ya tace bidiyon ya ɗora waƙar wani a ƙarƙashi, domin mai haƙƙin waƙa yana iya hana a kunna ta a wajen YouTube. Sannan kada ka yi gwajin ta hanyar latsa fayil ɗin sau biyu daga kwamfutarka, ka ɗora shi a saba tukuna, ka buɗe da wayar kawu da datarsa, ba da intanet ɗin shagon da kake koyo ba.